Lagireton da Na Sauya a Al Qusais

Shekaruna saba'in da huɗu a duniya, kuma wata bakwai ke nan da Allah Ya dawo da ni gida daga birnin Dubai. Tun ranar da na sauka, abokan zamana na ƙofar masallaci ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce shin gaskiya ne dogon benen nan nasu yana shiga cikin girgije, wancan ya ce wai jirgin ƙasarsu ba shi da direba. Na gaji da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in faɗa gaba ɗaya, duk mai tambaya a miƙa masa ya karanta. Amma ina gargaɗin mai karatu tun daga farko, wanda yake neman labarin benaye ya nemi wani matafiyin. Ni babban abin da na yi a ƙasar nan shi ne sauya lagireton mota, abin da kuma na ɗauko a zuciyata na kawo gida shi ne kishin wani mutumin Kumasi.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon malamin gona ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina zagaya ƙauyuka a cikin motata 'yar Faransa wadda aka harhaɗa a Kaduna, a wuraren da in mota ta tsaya maka babu bakanike, sai kai da Ubangijinka. Dole ta koya mini gyara, har ya zamana daga filogi zuwa kuloci ba na kai ta gareji. A waɗannan shekaru ɗan farina ne yake tsayawa tare da ni a kan aikin. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, domin ban taɓa ambatonsa da bakina ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu. Mahaifina bai kira sunan yayanmu ba har ya koma ga Allah. Ba na cin abinci tare da yaron, ba na zaman hira da shi, in ya shigo gaisuwa nakan amsa ina duban wani wurin. Wuri ɗaya ne kurum alkunyar nan take sassauta mana, wato ƙarƙashin bonet. A can ina iya cewa miƙo, riƙe, saki, ɗaure, mu wuni kafaɗa da kafaɗa ba wanda zai ce na yi rashin ta-ido. Yanzu ya haura arba'in, yana aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Dubai, kuma shi ya aiko mini da biza da tikiti domin in je in ga 'yar da aka haifa masa.

Da ina haɗa kaya, na naɗe sifanonina da filaya a cikin tsumma na sa a jakar hannu. Mahaifiyar yaron tana tsaye tana kallona, ta ce, "Alhaji, Dubai za ka ko kasuwar Ƙofar Ruwa?" Na rufe jakata. A filin jirgin Kano kuwa sai da maganarta ta kusa zama gaskiya, domin na'urar bincike ta yi ƙara, wata yarinya mai kaki ta baje ƙarafan nan a kan tebur a gaban jama'a, ta ce cikin ladabi ba a shiga jirgi da su a hannu. Aka dawo mini da babban akwatina, na buɗe shi a ƙasa ina durƙushe, na cusa su tsakanin kuka da daddawar da aka ba ni saƙo. Har na dawo gida sifanonin nan warin daddawa suke yi.

Jirginmu ya yada zango a ƙasar Habasha, inda muka yi dogon zama muna jiran na biyu. A nan na haɗu da wata Hajiya Ladi, 'yar kasuwar Kantin Kwari, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Ita ta nuna mini wurin alwala, ta kuma hana ni sayen shayin da ta ce ruwan zafi ne kawai aka rina. Da ta tambayi wurin wanda za ni, sai na kwatanta mata shi: dogo, mai tabarau, mai aikin magunguna, mazaunin Al Qusais. Ta tafa hannu ta ce, "Au, ka ce mini ɗan wajen Baba Issaka." Na ce ban san wani Issaka ba, ni dai na san ni na haifi yaron. Ta yi dariya ta ce kowa a can ya san su tare, in ka ga ɗaya ɗayan yana kusa. Daga nan har muka sauka ban iya runtsawa ba.

Shiga ƙasar bai ba ni wahala ba, sai dai ya ba ni mamaki. Wani saurayi cikin farar jallabiya ya karɓi fasfona bai ce mini sannu ba, bai tambayi iyali ba. Ya yi mini nuni in cire hula da tabarau in dubi wani ɗan gilashi. Ni da ban saba tsayawa kai ba hula a gaban mutane ba, na cire na tsaya kamar mai laifi. Ya buga hatimi ya ce "yalla", wato in wuce. A gida da an yi gaisuwa ta kai gaisuwa kafin a zo kan takarda, kuma da an ɓata rabin wuni. Ban yanke hukuncin wanda ya fi ba har yau.

Yaron yana jirana a waje. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, na amsa ina duban akwatina kamar yadda aka saba, alhali na ga ya yi furfura a gefen kunne, abin ya taɓa ni. Kafin in gama amsawa sai ga wani gajere, kakkaura, mai ƙatuwar murya, ya rungume ni ba tare da an gabatar da shi ba.

"Alaji, marhaba, marhaba. Ɗanmu ya daɗe yana jiran ka."

Ɗanmu. Wannan ne Issaka. Mutumin Zangon Kumasi ne, zai yi shekara sittin, direban bas ɗin 'yan makaranta. Hausarsa irin ta can ce, ba ya bambanta mace da namiji a magana, kuma kyau a bakinsa "chau" ne. A masallaci suka haɗu lokacin da yaron yake sabon zuwa ba ya da kowa, ya yi zazzaɓi Issaka ya yi jinyarsa. Wannan alheri ne, ban musa ba, kuma na yi masa godiya a kansa. Ni dai na ƙi kiransa Baba Issaka kamar kowa. Malam Isiyaka nake ce masa.

Aka buɗe mini ƙofar baya ta mota, wurin girma. Issaka ya shige gaba kusa da yaron. Tun daga filin jirgi har gida suna musu a kan hanya: wannan ya ce a bi ta nan, wancan ya ce akwai cunkoso. Issaka yana kiran sunan yaron gatsau, yana dukan kafaɗarsa, yaron yana cewa, "Haba Baba Issaka, kai da kullum sai ka ɓatar da 'ya'yan mutane." Ni ina baya ina kallon ƙeyarsu. Idan yaron ya tuna da ni sai ya rage murya ya ce, "Baba, sanyin bai yi yawa ba?" In ce a'a. Shi ke nan hirarmu.

Masaukina ɗaki ne a gidansu, can saman wani bene a Al Qusais, unguwar da gidajen haya da manyan sito-sito suke maƙwabtaka. Babu zaure, babu dakali, babu inda dattijo zai zauna a gaishe shi. Na'urar sanyaya ɗaki ta sa mini mura tun a makon farko. A cikin akwatin nan mai hawa da mutane sama na taɓa yi wa wani maƙwabci cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar gajiya, ya dube ni ya mai da ido kan wayarsa. Juma'a ma rabin wuni suke aiki, hutunsu Asabar da Lahadi, a ƙasar Larabawa. Surukata Hafsatu, Allah Ya yi mata albarka, ta kula da ni matuƙa. Ta tuƙa mini tuwo da miyar kukar da na kawo, ta kuma ɗanɗana mini shinkafarsu mai yaji da ake kira biryani, da wata gurasa mai faɗi wadda ba ta kama ƙafar tamu ta Jakara ba. Da ta miƙo mini jaririyar na tambayi wanda ya yi mata huɗuba a kunne. Ta sunkuyar da kai ta ce Baba Issaka ne, shi ya kuma nemo ragon suna. Na ce madalla. Na daɗe ina kallon fuskar yarinyar domin kada a ga tawa.

Kusan kullum bayan magariba Issaka yana gidan. Yakan zo da wake da shinkafa irin nasu, da wani baƙin yaji da suke kira shito, su zauna shi da yaron a faranti ɗaya suna ƙwacen nama. Ni kuwa a kawo mini nawa a rufe, a ɗaki, da ruwan wanke hannu, kamar yadda ya dace da uba. Ba wanda ya yi mini laifi. Tsarin da na gina da hannuna aka bi mini. Amma bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ina jin komai. Na auna abin a raina na ga dariyarsu ba ta dame ni kamar musunsu ba. Yaron nan yana ce wa Issaka ba haka ba ne, ka yi kuskure, ban yarda ba, har ya ɗaga murya. Ni tun da ya yi wayo ban taɓa jin komai daga bakinsa ba sai "to, Baba". Ban san abin da yake ƙi ba, ban san abin da yake gani daidai ba. Wani mutumin Kumasi ya san ra'ayin ɗana a kan komai, ni da na haife shi sai dai in saurara ta bango. Abin da nake nema kafin in bar ƙasar nan shi ne wuni ɗaya da yaron zai zama nawa kamar dā, kuma na san hanya ɗaya ce take kaiwa can.

Allah Ya kawo hanyar ranar wata Asabar da suka kai ni kasuwar Naif. Lunguna ne matsattsu cike da shagunan jakunkuna da takalma da atamfofi, Hausa tana tashi ta ko'ina gauraye da Larabci da Turanci, kowa yana zancen kago da kwantena. Na haɗu da ɗan wani tsohon abokina na Fagge yana ɗaure dilolin takalma, ya bar aikinsa ya sayo mini shayin nan mai kauri da suke kira karak. Amma ko shi, da ya gama gaishe ni, Issaka ya juya wa suka shiga barkwanci. A hanyar dawowa muka shiga cunkoso, rana tana dukan kwalta. Ni da ke baya na riga su ganin allurar zafin inji tana hawa, domin idona ya saba. Na ce a tsaya. Kafin yaron ya sami gefen hanya tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet.

Issaka ya zaro waya yana cewa khalas, wato shi ke nan, a kira motar ja, akwai garejin abokinsa. Na ce ba wanda zai ja komai. Na sa aka jira inji ya huce, na sa tsumma na buɗe murfin a hankali, na bi jikin lagireton da yatsa har na sami tsagar, siririya, a wuyan tankin sama. Abin mamaki, tankin na roba ne. A gida da na cire shi na kai wa mai dalma ya liƙe, ya zuge bututun, ya ƙara shekaru yana aiki. Wannan kuwa ba ya liƙuwa, sai dai sabo. Muka ɗura masa ruwan sha na gora muka lallaɓa har gida. Da muka sauka na ce, ina duban motar, ni zan sauya shi da hannuna. Issaka ya ce, "Alaji, ka zo hutu ne ko ka zo leburanci?" Yaron ya ce, "To, Baba."

Mun sayo sabon a wani shago na wani Ba'indiye, wanda bai tambayi komai ba sai lambar jikin motar, ya danna na'ura, aka sauko da kwali. Na ɗaga lagireton da hannu ɗaya, ba nauyi, kamar faranti. Na sa aka haɗa da sababbin tiyo na sama da na ƙasa, domin na matsa tsohon na ƙasa na ji ya yi laushi, kuma ba a ɗaura sabon lagireto a kan ruɓaɓɓen tiyo. Ba'indiyen ya turo wasu jarkoki na jan ruwa ya ce na sanyaya inji ne. Na ce a mayar, ruwa bai ƙare a duniya ba. Yaron ya ce to. Ashe ya koma da baya ya karɓa ya sa a but, ban sani ba.

Washegari da safe na shimfiɗa kayan aikina a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin benen. Ban kai ga kwance noti ɗaya ba sai ga maigadin gidan a guje yana kaɗa hannu yana cewa "mamnu, mamnu". Yaron ya fassara mini cewa an hana gyaran mota a nan, ko wanke ta ma, kuma in aka gani tara ce. Ni da na sauke inji sukutum a ƙofar gidana maƙwabta suna kawo mini ruwan sha, yau an hana ni kwance noti. Na naɗe tsummana a gaban maigadi.

Wa zai samo wuri? Issaka. Akwai fili a bayan wani sito inda suke ajiye bas-bas ɗinsu, maigadin wurin wani Bafatane ne, ɗan wata ƙabila ta ƙasashen gabas, mai suna Gulzar, abokinsa. Sharaɗinsa ɗaya, kada ɗigon ruwa ko mai ya taɓa ƙasa. Sai da na buɗe baki na yi wa Issaka godiya, kuma ban taɓa jin godiya ta yi mini nauyi a harshe kamar wannan ba. Na so ya nuna mana wurin ya tafi. Bai tafi ba. Ranar Lahadi ta gaba, muna idar da sallar asuba, ya riga mu isa, ya kife bokiti ya zauna da butar shayinsa.

Muka buɗe bonet inji yana sanyi. Na fara da cire kan batir, domin fankar motocin yanzu ta lantarki ce, tana iya tashi da kanta ta sare wa mutum yatsu. Yaron ya tura daro ƙarƙashi, na kwance matoshin ƙasa, tsohon ruwan ya zubo launin tsatsa, muka juye shi a jarka Gulzar yana tsaye a kanmu yana duban ƙasa. Na ce filaya, kafin in rufe baki tana hannuna. Na ce sha biyu, ya miƙo sifana mai lamba sha biyu. Muka zame tiyon sama, muka yi fama da na ƙasa wanda ya manne sai da na tsaga shi da wuƙa. Muka zare wayar fanka, muka ɗaga ta da gidanta gaba ɗaya muka jingine. Sai na ga waɗansu siraran bututu biyu a gindin lagireton waɗanda babu su a motata. Ban yi gaggawa ba, na bi su da hannu har na gane na man giya ne, tun da motar mai sauya giya da kanta ce. Na kwance su, na toshe bakin kowanne da noti naɗe da leda domin kada man ya tsiyaye. Yaron ya dubi toshiyar nan ya yi ɗan murmushi. Na gani, ko da yake ban dube shi ba.

Issaka bai yi shiru ba ko kaɗan. "Shwaiya shwaiya, a hankali, Alaji, kada bayanka ya riƙe mu shiga uku da Hajiyarka." Na ce masa in yana son taimako ya miƙo sifana mai lamba goma, ya miƙo mini sukuddireba. Ya ce shi shekara ashirin yana tuƙi bai san ta inda ake buɗe bonet ɗin bas ɗinsa ba, kuma bai ga abin da ya rage shi da shi ba. Gulzar ya yi dariya ko da yake ba ya jin Hausa. Ni ban yi ba. Amma a gaskiya raina fari yake a lokacin, domin kan yaron yana kusa da nawa, muna numfashi a wuri ɗaya, Issaka kuwa yana can kan bokiti.

Muka zare tsohon lagireton, muka cire robobin ƙafarsa muka sa wa sabon, muka zura shi a hankali kada haƙarƙarinsa ya lanƙwashe. Kafin a ɗaura tiyo sai na nuna mazaunin tamostat, wato ɗan ƙarfen nan da yake tsare ruwa har inji ya ɗumama. Na ce a cire shi a yar. Kowane bakanike a Kano haka yake yi, ni ma haka na yi wa tawa. Don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu da muke cikin rana ba mu da bukatarsa. Hannun yaron ya tsaya. Sa'an nan ya ce, "To, Baba." Ya kwance, ya ciro, amma bai yar ba, ya sa a aljihu.

Issaka ya ajiye kofinsa, ya kira sunan yaron, ya ce, "Ba kai ne ka hana ni barci bara a kan wannan abin ba? Ka ce duk wanda ya cire shi ya cuci mota?"

Yaron ya yi masa ido alamar ya bar maganar. A nan farin cikina ya zube. Ashe yana da magana a kan abin, ya taɓa yin ta har da zafi, amma ga wani. Ni an bi umarnina kamar yadda ake bin na baƙon da ba a son a ɓata wa rai. Muka ɗaura tiyo, muka mai da bututun man giya da fanka, ina ɗaure noti ina jin kamar ni kaɗai ne a filin.

Da aka zo ɗura ruwa, na ɗauki jarka na tara a famfon Gulzar. Ban yi don in gwada kowa ba. Har gobe ina ganin ruwa ruwa ne. Na sa mazurari, na ɗaga jarkar. Sai na ji ta ƙi karkata. Yaron ne ya riƙe gindinta.

"Baba, wannan kam a'a."

Na dube shi ido cikin ido, abin da na manta rabon da in yi. Na ce shekara talatin ina zuba wa mota ruwan rijiya, wani lokacin na kududdufi, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Ya ce lagireton motata na tagulla ne, wannan alminiyam ne da roba, ruwan famfo zai cinye shi ta ciki, kuma a zafin ƙasar nan, ga na'urar sanyi tana aiki, tafasa zai yi a cikin cunkoso da Hafsatu da jaririya a mota. Na ce tawa ba ta taɓa tafasa ba.

"Ta tafasa, Baba. Tsakanin Ringim da Taura. Ni na yi ta ɗebo ruwa da kwanon abincinmu."

"Wannan fanbel ne ya saki."

"Fanbel lafiyarsa ƙalau. Ni na riƙe shi kana dubawa, ka ce kada in gaya wa Umma."

Na ce ƙwaƙwalwarsa ta yara ce a lokacin. Ya ce ta yara ce amma ba ta manta zafin yashin da ya taka ba takalmi ba. Muryarsa ta hau, tawa ma ta hau. Ya ciro tamostat daga aljihu ya ce wannan ma sai ya koma, in babu shi injin ba zai tsaya a zafin da aka ƙera shi a kai ba, zai yi ta shan mai. Na ce masu ƙera shi ba su taɓa zuwa Gumel a watan bazara ba. Ya ce sun zo Dubai, ga motocinsu nan cike da titi. Issaka ya taso daga kan bokitinsa yana cewa, "Alaji, ka yi haƙuri, yaron ya yi gaskiya, ni ma..."

Yaron bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Baba Issaka, don Allah koma ka sha shayinka. Wannan tsakanina da mahaifina ne."

Issaka ya koma ya zauna yana gunaguni cewa shi da ya samo fili yau shi ake kora. Na haɗe fuska iyakar iyawata, domin kada abin da ke cikina ya fito. Muka ci gaba da musu har rana ta haura katangar siton ta fara dukan wuyanmu. Ban ce ya yi gaskiya ba, kuma ba zan ce ba. Abin da na ce shi ne motarsa ce, iyalinsa ne a ciki, ya zuba abin da ya ga dama. Ya sake kwance tiyo ya mai da tamostat da hannunsa, ya fito da jarkokin jan ruwan daga but, na ce ashe har da ɓoye-ɓoye, ya ce ai ya san halina.

Wajen fitar da iska kuwa sai da ya dawo hannuna. Ya so ya rufe murfi da zarar ruwan ya cika. Na ce ya dakata. Na mai da kan batir, na sa ya hau da ƙafafun motar na gaba kan wani ɗan tudu, aka bar inji yana aiki murfi a buɗe, ina matsa tiyon sama ina saki, kumfa yana fitowa ruwan yana sauka muna ƙarawa, har ya daina. Ya ce bai ga amfanin tudun ba. Na ce zai gani ranar da ya bar iska a ciki. Muka tsaya muna kallon allura ta hau ta tsaya a tsakiya, fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Na leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo. Gulzar ma ya leƙa.

Da aka rufe bonet komai ya koma yadda yake. Ya durƙusa ya ce sannu da aiki, Baba, na amsa ina goge sifana. Sauran kwanakina a ɗaki aka ci gaba da kawo mini abinci a rufe, Issaka ya ci gaba da zuwa bayan magariba, ina jin su ta bango. Ranar tafiyata ya kawo mini kwalbar shito tsaraba, ya ce in gaya wa mutanen Kano yana riƙe da ɗansu da chau. Na karɓa na yi godiya. Mutumin kirki ne, ina roƙa masa alheri a bayan salla. Amma shi kowane maraice yana samun abin da ni na samu safiya ɗaya tak a shekara arba'in, kuma wannan ban daina jin zafinsa ba.

Na san akwai waɗanda za su ce ƙari na yi, yaron da suka sani da kunya ba zai riƙe wa ubansa jarka ya ce a'a ba. To, ba ni kaɗai nake wurin ba. Gulzar maigadin siton ya gani, ko da yake bai ji abin da ake faɗa ba. Surukata Hafsatu ta gani, domin ta kawo mana karin kumallo a tsakiyar musun, ta tsaya a bakin ƙofar filin da jaririya a kafaɗa ta kasa shigowa har muka gama. Na ukunsu shi ne Malam Isiyaka na Kumasi, wanda ban so in sa shi cikin shaiduna ba, amma yana nan zaune a kan bokiti, kuma shi aka ce wa ya koma ya sha shayinsa.